Sawun Gwaggo Jumma

Duk garin Gaya babu mai kallon ƙasa kamar Halidu mai takalma. Ba kunya ke sa shi sunkuyar da kai ba, don ita kam ba su taɓa haɗa hanya ba. Sawun mutane yake karantawa. Da safe zai bi bakin Kwara, inda jirgin fito ke sauke mutanen Malanbil, yana bin rairayi da ido: wannan ba takalmi, wannan na fata ne, wannan tsohuwar tayar mota ce aka yanka. Daga nan sai ya dawo rumfarsa a kasuwa, ya tsuguna, ya ɗauki tsinke ya ja layi a ƙasa, ya hau da shi ya sauko da shi, yana nuna wa 'yan zaman rumfa inda kasuwar takalmi ta dosa.

"Kun ga na fata?" in ji shi. "Ya gama hawansa, gangara yake. Na roba kuwa yanzu ya tashi tsaye. Kaya in ya ɗauki gudu, ba mai tare shi. Wanda ya riga kowa ganin gudun shi ke ci."

Da wannan karatun nasa ya haye Malanbil a farkon cinikin gyaɗa, ya dawo da buhunan takalmin roba na mata, jajaye, kowanne da tauraro a tafinsa. Mutumin Dahome da ya sayar masa ya yi masa araha, shi kuma bai tsaya tambayar dalili ba. Sai da aka zazzage a tsakar gida aka ga dalilin: yawancinsu ƙanana ne, irin na matan birni da ƙafarsu ba ta san gona ba.

Jumma na bakin murhu tana tsince shinkafa. Ƙanwar ubansa ce, Malam Alfari. Mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika, ta dawo gidan wanta tana ci daga tukunyar da Halidu ke cikawa. A bayanta Halidu ya yi wayo, amma wannan tsohon zance ne, babu mai tada shi a gidan.

"Gwaggo, ga naki," Halidu ya ce, ya ajiye takalmi a gabanta.

"Nawa? Yau kuma mi ya faru?"

Har ga Allah ta ji daɗi. Rabon da wani ya ce mata "ga naki" har ta manta. Ta goge ƙafa da gefen zane ta zura ta hagu, ta shiga da ƙyar. Ta dama kuwa sai da ta haɗa da hannu biyu, yatsun suka hau juna. Ƙafar Jumma faffaɗa ce, ta noma da ɗaukar itace, ga faso a dunduniya.

"Ya yi mini kaɗan, Halidu. Ba babba?"

"Manyan ba yawa, na masu saye ne. Roba ce, Gwaggo, da kin taka za ta saki."

Sannan ya faɗa mata aikin da ya zo da kyautar. Kowace safiya, da an share kasuwa, za ta sa takalmin ta ɗauki kwandon kaya, ta fara daga bakin gulbi, ta ratsa kasuwa, ta bi ta rijiya, ta shiga gida gida tana nuna wa mata. Inda rairayi ya yi laushi kuma ta je ta dawo, ta sake komawa.

"Mutum ba ya sayen abin da bai ga an saya ba," in ji shi. "In mata suka ga tauraron ga ko'ina a ƙasa, kowace za ta ce ita kaɗai aka bari a baya."

Jumma ba ta ga aibu a ciki ba. Mai cin abincin gida ai ya yi wa gida aiki. Ta ɗaura zane ta fita.

Roba ba ta saki ba. Kafin kasuwa ta zagayo, bororo ya fito mata a ƙaramin yatsan dama da bayan dunduniya. Ya fashe, wani ya fito a kansa. Ta naɗa tsumma, sai ƙafar ta ƙi shiga takalmin, dole ta kwance. Mata a gidaje suna karɓar ta da fara'a, masu jin Dendi su ce mata fofo, wato sannu, su ba ta ruwa, su juya takalmin su yaba jansa, su gwada ya ƙi shiga, su mayar cikin kwando. 'Yan kaɗan suka saya wa 'ya'yansu mata. Sauran sai dai su ce Allah ya kawo kasuwa.

Wata rana da hantsi Halidu ya faɗo gida baki har kunne. Matarsa Zuwera na daka, Jumma ta dawo kenan ta tsoma ƙafa a ruwan gishiri.

"Kun ga bakin gulbi yau? Tauraro ya cika shi! Daga inda jirgi ke tsayawa har rumfar 'yan duwan masu binciken kaya, ba inda za ka sa ƙafa. Ba na faɗa muku ba? Ya ɗauki gudu."

Zuwera ta tsai da taɓarya. "Ai Gwaggo ce ta bi can da safe."

"Ita kaɗai? Ke mi kika sani a kasuwa? Wanga yawan ba na mutum guda ba ne."

Jumma ta dubi ƙafarta a cikin ruwan. Ita ta san sawun nan ɗaya bayan ɗaya, ta san na dama duk ya karkace don da gefen ƙafa take takawa. Abin da ya fi ba da haushi kenan a sha'anin Halidu: shi ya sa aka shuka sawun, shi kuma ya je ya tsince shi yana murna kamar daga sama ya faɗo. Mutumin da ke gane tsohuwar taya daga sabuwa a cikin rairayi, wai shi ne ya kasa gane ɗingishin gwaggonsa. Bai kasa ba, so ne bai yi ba. Da jirgin la'asar ya haye ya ƙaro buhu.

Da kaya suka ƙaru, tafiya ma ta ƙaru.

"Halidu, ka bar ni in huta kwana biyu, ciwon ga ya kame," ta ce masa.

"Gwaggo, yanzu? Manoma na da kuɗin gyaɗa a hannu. In sawu ya ɓace yanzu, gudun ya mutu, tada shi kuma sai Allah. Bari cinikin gyaɗa ya wuce."

Cinikin gyaɗa ya wuce, ya ce a bari Salla ta wuce. Salla ta wuce, ya nuna mata inda Nasara ke kafa gada a kan Kwara, leburori kamar tururuwa, ya ce kowane lebura akwai macen da zai koma wa da tsaraba, kuma ranar da aka buɗe gada Gaya za ta cika ta batse. A bari a buɗe gada. Gadar kuwa ko rabin gulbi ba ta kai ba.

Bazara ta shigo. Wanda bai taɓa sa roba a rairayin Gaya da rana tsaka ba, ba zai gane ba. Takalmin kan ɗauki zafi har ya yi taushi, gumi ya taru a ciki, ya jiƙa ciwon ya dafa shi. Ciwon yatsa da na dunduniya suka yi ta faɗi har suka kusa gamewa. Kullum ta dawo sai ta zauna bayan rumbu, ta cije gefen mayafi kafin ta zare takalmin, don tare da fata yake fitowa.

A cikin wannan hali ne ya ce kasuwar Gaya ta ƙoshi, sai a kai sawu kasuwar garin Bana. Ta bi ayarin mata masu kai kifi da kayan miya. Da suka bar gari, ta waiwaya ba ta ga kowa nasu ba, ta cire takalman ta ɗora a kan kwando, ta naɗe ƙafar da tsumma ta ci gaba. Rabonta da jin iska a ƙafar nan an daɗe. Sai bakin Bana ta mayar.

Labari ya riga ta gida. Wani mai jaki ya gan ta, ya zo rumfa ya yi wa Halidu ba'a a gaban mutane, wai takalmin nasa a ka ake sa shi ko a ƙafa?

Tana shigowa ya tare ta, ko kwandon bai bari ta sauke ba.

"Gwaggo, kashe ni kike son yi? Wata da watanni ina gina abu, ki rushe shi a yini guda? Gobe duk garin ga za a ce gwaggon mai takalma ma ta kasa sa shi!"

"Ɗana, dubi ƙafar. Duba kawai."

"Na gani, na gani," in ji shi, idonsa na kan kwando yana duban ko kayan sun ragu. "Ciwo ne, kowa na yin ciwo. Ni kin san ciwon da ke kaina? Buhunan ga da ke ɗaki, su ne tuwon gidan ga. In ba su fita ba, har ke ba ki ci."

Wannan kalmar ta ƙarshe ita ta fi ciwon zafi. Ta sauke kwandon. Da ya fita ta ja ƙafa zuwa zaure, inda wanta Malam Alfari ke kishingiɗe a buzu da carbi a hannu. Ta durƙusa ta kwance tsumman ta miƙa masa ƙafar.

"Yaya, ka gani da idonka. Ka yi wa yaron ga magana."

Alfari ya leƙa, ya kau da kai da sauri. "Subhanallahi. Rufe, rufe, ƙuda."

"Ka ce mai ya bar ni in yi jinya. Ko ya ba ni babba."

"Jumma, ki yi haƙuri. Ni da ke duk a hannunsa muke. Gona ta gagare ni, ido ya yi rauni. Yaron ga shi ke fita shi ke shigowa. In na ɗaga mai murya ya yi fushi, wa gare mu? Kuma ya nuna mini lissafin nasa a ƙasa, na ga abin na hawa. Kaɗan ya rage."

"Ƙafar ma kaɗan ya rage, Yaya."

"Haba, kar ki yi wa kanki baki. Zan yi miki tofi."

Ya yi mata tofi a ruwa. Ta sha, ta shafa, ta gode. Da gari ya waye ta sa takalmi.

Zuwera ba muguwar mace ba ce, irin mutanen nan ne da ba sa son abin da zai taɓa zaman lafiyarsu. Da ƙafar ta fara wari, ba ta ce wa mijinta komai ba, sai ta ware wa Jumma akushinta daban, ta ce ta riƙa ci a bayan rumbu don akwai iska a can. In Jumma ta yi nishi, ta ce, "Sannu Gwaggo. Ni mi zan ce? Sha'anin kasuwa na maza ne." Ta ci gaba da tankaɗe.

Mutum ɗaya ne ya tsai da ita a hanya, shi ma bare. Yacuba ne, mai wankin ciwo da allura a gidan likita na Gaya. Ya hange ta a layin masu kifi tana jan ƙafa, ƙudaje na bin ta. Ya sa ta zauna a kan turmi, ya duba abin da ke bayyane ta saman takalmin, ya taɓa ƙwaurin ya ji shi da zafi ya kumbura.

"Inna, tun yaushe?"

"An daɗe, ɗana."

"Ki cire abin ga yau, kar ki sake sa shi. Gobe da safe ki zo gidan likita in wanke. Ba wasa nake ba. In ya wuce nan, ba wankewa za a yi ba."

Ta dawo gida da 'yar ƙwarin gwiwa, tunda yanzu ba maganarta ba ce, maganar ma'aikacin likita ce. Halidu ya saurara har ta gama, ya girgiza kai.

"Gidan likita? Inda rabin matan garin ga ke layi da goyo? Ki zauna a tsakiyarsu a kwance ƙafar ga, su tambaya mi ya same ki? Kafin azahar an kai labari Kamba cewa takalmin Halidu na cin ƙafa. A'a, Gwaggo. Magani ba a can kaɗai yake ba."

Ya kira wanzami, aka shigo da shi ta ƙofar baya. Wanzami ya tsaga, ya matse, ya barbaɗa garin magani, ya karɓi goronsa ya tafi. Halidu kuma ya kawo mata safa baƙa, irin ta 'yan sanda, ya ce ta riƙa sawa a ƙafar don kada a gani. Safa a cikin takalmin da ko ƙafa tsirara da ƙyar take shiga! Haka ta cusa, hawaye na zuba, yana tsaye yana cewa ai ga shi ya shiga.

A kwanakin nan ciniki ya tsaya cik. Waɗanda suka saya sun sa sun ji, sun jefa ƙarƙashin gado. 'Yan zaman rumfa suka fara yi wa Halidu dariya a ɓoye. Shi kuwa ya share ƙasa da tafin hannu, ya ja layinsa, ya ja wani a kwance ƙarƙashinsa.

"Kun ga nan? Nan ne ƙasan kasuwar, ba ta wuce nan. Can baya ma da ta sauko nan ta taɓa ta koma. Wanga ba faɗuwa ba ce, numfashi take shaƙa. Masu ƙaramar zuciya nan suke sakin kaya, su yi kuka daga baya. Abin da take so kawai a ƙara tura ta."

Turawar kuwa da ƙafar Jumma ake yi. Kaluluwa ta fito mata, masassara na kama ta kullum da yamma, ta kwana da ita ta tashi da ita. Yatsu biyu suka yi baƙi. Abin da ya fi tsorata ta shi ne ranar da ta taka ta ji ba zafi a wurin, kamar ƙafar wani take ja. Ta faɗa wa Halidu, ya ce, "Alhamdu lillahi, ba ga shi ba? Sauƙi ya fara."

Ran kasuwa ne ta faɗi, a gaban masu gishiri, kwando ya kife, jajayen takalma suka watse. Mata suka yi salati suka kewaye ta. Wani ya ruga ya kira Yacuba. Da ya zo ya ja takalmin ya ƙi fita, ƙafar ta kumbura ta cika shi. Ya zaro almakashi ya yanka robar daga sama har ƙasa, ya yanka safar. Waɗanda ke kusa suka ja da baya suna toshe hanci. Yacuba ya dunƙule yankakken takalmin ya cusa a ƙullin zanenta, ya aika a tsai da kamiyo, babbar motar kaya da ke shirin tashi zuwa Dosso.

Halidu ya iso yana haki. Abin da ya fara yi shi ne tattara takalman da suka watse. Sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ƙaya ce! Ƙaya ta taka a hanyar Bana!"

Jumma na jin sa sama sama, har aka ɗaga ta aka sa a bayan kamiyo tsakanin buhunan shinkafa.

A Dosso lokotoro, babban likita, ya duba sau ɗaya ya kira masu riƙewa. Ƙasa da gwiwa kaɗan aka yanke. Ta daɗe a kwance tsakanin baƙi, wata mata mai jinyar ɗanta ce ke raba fura da ita. Daga Gaya an aiko da gaisuwa da ƙullin goro. Halidu bai samu zuwa ba, ba mai tsare masa rumfa.

Ruwa ya sauka sosai kafin a sallame ta. Ta dawo da sandar dogarawa a hammata, zane na lilo a inda ƙafa take a da. Alfari ya yi kuka da ya gan ta, kukan gaske, ya ce haka Allah ya rubuta. Zuwera ta dafa mata romon kifi, ta mayar da akushinta cikin na mutane, tunda yanzu ba wari. 'Yan dubiya suka riƙa shigowa.

Daga bakin 'yan dubiya ta ji abin da ake faɗa a gari. Wata tsohuwa ta dafa ta ta ce, "Ayya Jumma, ke ma da ganganci. Yaro ya ba ki takalmi, mi ya kai ki cirewa a daji? Ga shi ƙaya ta raba ki da ƙafa. Ni tun da na ji na saya wa jikata."

Jumma ta dube ta. Ashe duk kwanakin da take kwance a Dosso, Halidu na rumfa yana sayar da takalmi da ƙafarta da aka binne. Duk wadda ta tsaya, sai ya yi fuskar tausayi ya ba ta labarin gwaggonsa da ta ƙi jin magana ta taka ƙasa ba takalmi. Kuma abin takaici, labarin ya ci. Mata sun tsorata, kaya sun ɗan motsa. Layinsa ya ɗaga kai, yana ta nuna wa mutane cewa dama ya faɗa.

Bai jira dungun ya gama warkewa ba ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakinta, murya a ƙasa, da ladabi kamar ya zo gaisuwa.

"Gwaggo, ya jiki? Allah ya sa kaffara ne. Dama wata 'yar shawara ce. Yanzu ba tafiya, na yafe miki tafiya har abada. Zama kawai za ki yi a rumfa ran kasuwa. Ga na hagun nan Zuwera ta wanke, ki sa a mai lafiyar. In mata sun tambaya, ki faɗa musu da bakinki yadda ƙayar ta yi. Daga bakinki ya fi shiga. Gudun ya dawo, Gwaggo, wanga karon na gaske ne. Kar mu bari ya huce."

Ta daɗe tana kallon sa. Ta nemi yaron da ta goya a fuskar nan, ta nema har ta gaji. Ta dubi zaure, ta ga wanta ya juya baya yana jan carbi da sauri, alamar ya ji komai. Zuwera kuma ta sami abin yi a madafa.

"Zan zo," in ji Jumma.

"Madalla! Zan aiko da jaki ya ɗauke ki."

"Bar jakinka. Da kaina zan zo."

Ran kasuwa aka wayi gari da ruwa, ya ɗauke da hantsi. Ƙasa ta kwanta lumui, duk wani tsohon sawu ya goge. Irin safiyar da Halidu ya fi so kenan, don ko kaza ta wuce sai an gani.

Jumma ta sa takalmin hagu, ta ɗaura ƙullinta a ƙugu, ta ɗauki sanda. Ba ta nufi rumfa kai tsaye ba. Ta gangara bakin gulbi, inda ta saba farawa, ta tsaya daidai inda jirgin fito ke sauke mutane, sannan ta juyo. Ta bi tsohuwar hanyarta, ta gaban 'yan duwan, ta layin masu kifi, ta wurin masu gishiri inda ta faɗi. Tafiyar da a da take yi kafin a sha fura, yau sai da rana ta ɗaga. Hammatarta ta saluɓe, gumi ya jiƙa mata riga, sau da yawa tana tsayawa ta jingina da rumfar wani. Ta san sarai abin da take saye da tafiyar nan: wataƙila daga yau ba ta da akushi a gidan Alfari. Ta auna, ta ga abin da ya rage a ƙwace mata bai kai wanda aka riga aka ƙwace ba.

A bayanta, a kan jiƙaƙƙen rairayi, ga tauraro ga rami, ga tauraro ga rami, tun daga bakin ruwa. Babu wani sawun tauraro a duk faɗin wurin sai shi. Mutane suka riƙa kallon ƙasa suna kallon ta, wasu suka bi bayanta ba tare da sun san dalili ba. Kafin ta kai rumfa, mata sun taru.

Halidu na tsugune da tsinke, yana nuna wa mutanensa inda layi zai kai kafin kaka. Ya ɗago ya ga taro, fuskarsa ta washe.

"Ga ta nan! Ku matso, ku ji daga bakinta. Gwaggo, zauna nan, faɗa musu."

Ba ta zauna ba. Ta kwance ƙullin da hannu ɗaya, ta fito da takalmin dama, wanda Yacuba ya yanka, da guntun baƙar safa manne a ciki, jini da mugunya sun bushe sun zama ɓawo. Ta sake shi ya faɗi a kan layin da ya ja.

"Ga ƙayar," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, amma wurin ya yi tsit har na baya sun ji. "Ku juya tafinsa ku duba, ko huda ɗaya babu. Daga cinikin gyaɗa har bazara ƙafata na cikin wanga abu. Na ce ya yi kaɗan, aka ce zai saki. Na ce a bar ni in je likita, aka ce za ku gani. To yau ku gani."

Ta ɗan ɗage zanen, suka gani. Wata mata ta sunkuya ta zare jan takalmi daga ƙafar 'yarta, ta riƙe a hannu.

"Gwaggo," in ji Halidu a hankali, "ba a nan ba. Mu je gida."

"A gida na faɗa, ba wanda ya ji." Ta nuna bayanta da haɓa, inda sawun ya miƙe har gulbi. "Sawun da ka yi ta murna da shi, wanda ka ce ba na mutum guda ba ne, ga abin da ya rage a cikinsa. Kai ne ka iya karatun ƙasa, Halidu. Karanta mana. Ina ya dosa?"

Ba wanda ya yi dariya, ko 'yan zaman rumfa. Ba kuma abin da zai dawo wa Jumma da ƙafarta, ko da duk buhunan nan za a zuba a Kwara. An cinye ta a tsakar gida, da rana tsaka, a gaban mutum uku masu ido, kowanne da uzurinsa mai kyau.

Ta dafa tebur, ta zare na hagun ta ajiye masa a cikin kayansa, ta sauke tafin ƙafarta a kan ƙasa mai sanyi. Ta gyara sanda ta juya, mata suka buɗa mata hanya.

Halidu ya sunkuyar da kai yadda ya saba, yana kallon ƙasa. Tsinken na nan kusa da ƙafarsa, bai ɗauka ba.